Taskar da Ke Ɓoye Cikin Baƙin Yashin Lembe



Yau doguwar tafiya za mu yi, zuwa gabashin duniya, ƙasar Indunusiya mai tsibirai fiye da 17,000. A can ƙuryar arewacin babban tsibirin Sulawesi akwai wani gari na bakin teku mai suna Bitung, garin masunta da manyan jiragen ruwa da masana'antun sarrafa kifi. Idan mutum ya tsaya a tashar jiragen ya kai dubansa ƙetare, zai hango wani dogon tsibiri mai tuddai da bishiyoyin kwakwa. Sunansa Lembe. Siririn ruwan da ya ratsa tsakanin garin da tsibirin shi ake kira Mashigin Lembe, kuma a kansa za mu yi zancenmu na yau.

Wanda ya saba ganin teku a talabijin, farin yashi, ruwa garai-garai, kifaye launi-launi, idan aka kai shi Lembe zai rantse an yi ɓatan kai. Yashin wurin baƙi ne ƙirin, domin asalinsa toka ce da tsakuwar da duwatsu masu aman wuta suka fitar. Ruwan da ɗan duhu-duhu. A ƙasa kuwa ga ruɓaɓɓun ganyaye, ga guntayen itace, ga tsofaffin kwalabe da igiyoyi, har da tayoyin mota. Duk da haka, mutane daga Japan da Jamus da Amurka da Ostireliya sukan tara kuɗi, su kwana a hanya, don kawai su sauka kan wannan baƙin yashi su zuba ido. Abin da suke nema kuwa halittu ne waɗanda da yawansu ba su kai farcen ɗan yatsa ba.

Kafin mu sauka tare da su, bari mu ɗan fahimci yadda ake saukar. Nutso dai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk wanda ya taɓa kallon su a Argungu ya ga yadda masunci ke riƙe numfashi, ya nutse, ya ɓace, can sai ga shi ya ɓullo. Sai dai numfashin ɗan Adam gajere ne, minti ɗaya ko biyu ya ishi yawancin mutane. A shekarar 1943 ne wasu Faransawa biyu, Jacques Cousteau, hafsan sojan ruwa, da injiniya Émile Gagnan, suka haɗa na'urar da ta sauya lamarin. Tukunyar ƙarfe ce da aka danƙare da iska, mutum ya goya ta a baya, da tiyo da ke kawo iskar bakinsa. Hikimar tana wurin wani ɗan famfo da ke sakin iska daidai lokacin da mutum ya ja numfashi, kuma daidai da nauyin ruwan da ke danne shi. Da wannan, sai mutum ya iya kwashe awa guda a ƙarƙashin ruwa. Sauran kayan su ne gilashin fuska, da takalman roba masu faɗi kamar ƙafar agwagwa, da rigar da ake hura wa iska ko a sace ta don daidaita nauyi, da ɗamarar dalma a ƙugu.

Ruwa kuma yana da dokokinsa, ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Duk mita 10 da mutum ya ƙara sauka, ana ƙara masa nauyi kwatankwacin na dukkan iskar da ke kanmu a nan doron ƙasa. Shi ya sa kunne ke toshewa, sai an toshe hanci an ɗan hura. Shi ya sa kuma darasin farko da ake koya wa sabon shiga shi ne kada ya kuskura ya riƙe numfashi yana hawowa, domin iskar da ke cikin huhu tana kumbura yayin da nauyin ke raguwa. Sannan akwai iskar naitirojin da ke narkewa cikin jini a can ƙasa. Idan aka hau da gaggawa sai ta yi kumfa a jiki, kamar yadda lemon kwalba ke yi idan aka buɗe shi farat ɗaya. Don haka a hankali ake hawowa, a tsaya a zurfin mita 5 na tsawon minti 3 kafin a fito. A wannan sana'a, sannu ba ta hana zuwa, ita ce ma ke sa a dawo gida.

To, mai sauraro, ɗauka kai ne ka goya tukunyar nan. Kun bar gaɓa a ɗan ƙaramin jirgi, minti kaɗan kun iso. Ka faɗa ruwa ta baya, ka bi jagoranka, wani saurayi ɗan yankin, kuna gangarawa har zurfin mita 15. Ba ka jin komai sai ƙarar numfashinka da ɓulɓulin kumfa. A gabanka fili ne fetal na baƙin yashi, ba ciyawa, ba dutse. Zuciyarka ta fara cewa an yi asarar kuɗi. Can sai ka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas. Jagora ne ke buga ɗan sandan ƙarfe a jikin tukunyarsa, domin a ƙarƙashin ruwa ba a magana. Ya nuna maka wani curin datti mai gashi-gashi, girmansa kamar dunƙulen hannu. Ka duba, ka sake dubawa, datti dai kake gani. Ya haska tocila. Sai curin nan ya juya ido ya dube ka.

Wannan shi ne kifin da ake kira kifi-kwaɗo. Bai cika iyo ba, tafiya yake yi a ƙasa da fikafikansa, taku ɗai-ɗai kamar tsoho. A goshinsa akwai siririyar sanda, a bakin sandar akwai ɗan nama mai kama da tsutsa. Wato da fatsarsa aka halicce shi. Zai lafe, ya riƙa kaɗa tsutsar nan, har wani ƙaramin kifi ya matso da kwaɗayi. Daga buɗe baki zuwa haɗiyewa, masana sun auna, kimanin kashi 6 cikin 1,000 na daƙiƙa guda ne. Idon mutum ba ya iya kama abin. Ka ga kifi a nan, ka ƙifta, babu shi. Kuma yana iya haɗiye wanda ya kai shi girma.

Kun ƙara gaba kaɗan, sai ga ƙoƙon kwakwa a kife. Jagora ya yi maka alama ka dakata. Ƙoƙon ya ɗaga, wani siririn hannu ya leƙo, sannan ido. Oktofus ce, dabbar nan ta teku mai hannuwa takwas da zuciya uku, wadda ba ta da ƙashi ko ɗaya a jikinta. Irin wannan, idan ta sami ɓarin ƙoƙon kwakwa biyu, sai ta wanke su daga laka, ta ɗora ɗaya cikin ɗaya, ta rungume su a ƙarƙashinta, ta miƙe a kan hannuwanta ta kama hanya. Tafiyar da wahala, domin kayan sun yi mata nauyi. Amma da ta hango abokin gaba sai ta shige ɗaya, ta jawo ɗayan ta rufe ruf. A shekarar 2009 wasu masana, Julian Finn da Tom Tregenza da Mark Norman, suka wallafa abin da suka gani na wannan hali a ruwayen Sulawesi da Bali, kuma ya girgiza masu nazarin dabbobi. Dalili shi ne ɗaukar wahalar kaya yanzu saboda amfanin da za su yi nan gaba, abu ne da aka saba jingina wa mutum da biri da wasu tsuntsaye. Sai ga shi a wurin ’yar'uwar katantanwa.

Akwai wata oktofus ɗin kuma da ta fi wannan ban al'ajabi, wadda aka fara ganowa a gaɓar Sulawesi a 1998, aka raɗa mata sunan kimiyya a 2005. Ana ce mata mai kwaikwayo. Hawainiya launi kawai take sauyawa, ita kuwa wannan har siffa da salon tafiya. Idan za ta ƙetare fili, sai ta tattara hannuwanta a baya, ta baje jikinta, ta riƙa shafar yashi kamar wani shimfiɗaɗɗen kifi. Wani lokaci ta baza hannuwan ko'ina, ta koma kamar wani kifi mai ƙayoyin dafi. Idan kuma wasu ƙananan kifaye masu faɗa suka dame ta, an ga tana cusa hannuwa shida cikin rami, ta miƙe biyu, ɗaya nan ɗaya can, masu zanen fari da baƙi, sai ka rantse macijin teku ne. Macijin nan kuwa shi ne mai cin waɗannan kifaye. Kowa da irin dodon da take nuna masa.

Ba duka ne ake matsawa kusa da su ba. Akwai wata ’yar mitsitsiyar oktofus da za ta zauna daram a tafin hannu, wadda in ranta ya ɓaci sai shuɗɗan zobba su bayyana a jikinta suna walƙiya. Dafinta na iya tsayar da numfashin babban mutum, kuma har yau ba a sami makarinsa ba. Ɗan hakin da ka raina ke nan. Akwai jatan lande mai launin ɗawisu, wanda ke naushi da ƙarfin da ke fasa ƙoƙon ƙaguwa, ga idanu masu na'urorin gane launi iri 12 ko fiye, alhali namu iri 3 ne. Akwai dodon koɗin teku marar ƙoƙo, wanda aka san fiye da nau'i 3,000 na danginsa. Wasunsu kan ci halittu masu harbi, su adana makaman harbin a bayansu, su kare kansu da su.

Amma wanda ya fi taɓa zuciyata shi ne wadan dokin teku. Labarin gano shi ma abin ji ne. A 1969 wani mai bincike, Georges Bargibant, ya ciro reshen murjani daga teku a tsibirin Sabuwar Kaledoniya, irin murjanin da ke bazuwa kamar mafici. Sai da ya kai shi kan tebur yana dubawa sannan ya lura da wasu ƙananan abubuwa biyu manne da reshen. Kifaye ne, kai kamar na doki, wutsiya naɗe da reshe, tsawonsu bai kai santimita 3 ba. Launinsu na murjanin ne sak, har ƙurajen da ke jikin murjanin akwai irinsu a jikinsu. Da zarar ɗan wadan nan ya sami reshensa, a nan yake ƙare rayuwarsa. Kuma a gidan dokin teku namiji ne ke ɗaukar ciki. Mace za ta zuba ƙwai a wata jaka da ke jikinsa, shi zai yi renonsu, shi zai yi naƙuda. Tsarki ya tabbata ga Mai halitta.

Mai sauraro zai iya tambaya, me ya sa duk waɗannan suka taru a wuri guda? Amsar kashi biyu ce. Na farko, Sulawesi tana tsakiyar yankin da ake kira Kusurwa Uku ta Murjani, wanda ya haɗa ruwayen ƙasashe shida: Indunusiya, Malesiya, Filifin, Papuwa Niugini, Tsibiran Solomon da Timor ta Gabas. Kimanin kashi 76 cikin 100 na nau'o'in murjanin duniya masu gina tsaunukan ƙarƙashin teku suna nan, kuma babu wani yankin teku da ya kai shi yawan ire-iren halittu. Igiyar ruwa da ke ratsa mashigin tana kawo abinci, tsibirin kuma ya tare manyan raƙuman ruwa. Na biyu, shi kansa filin yashin ne malamin. Inda babu kogo babu dutse, babu wurin ɓuya. Wanda zai rayu a nan dole ya zama ganye, ko ya zama datti, ko ya binne kansa, ko ya ari kamannin wanda ake tsoro. Tsiraicin wurin shi ya haifar da gwanintar mazaunansa.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na ɗauko wannan batu. Baƙon da ya zo da kyamarar miliyoyi, in aka sake shi shi kaɗai a Lembe, zai iya yin awa guda bai ga komai ba. Idon da ke gani na jagoran ne. Yawancinsu ’ya'yan ƙauyukan yankin ne, wasu ’ya'yan masunta, waɗanda suka yi shekaru suna sauka sau uku ko huɗu a rana har suka san ramin kowace dabba da lokacin fitowarta. Ilimi ne na gaske, ko da ba a aji aka same shi ba. Kuma kimiyya ta shaida hakan. A 2007 aka sanar da wani sabon kifi siriri kamar zare, ɗan'uwan dokin teku, daga Mashigin Lembe, aka sa masa suna rumengani, saboda Noldy Rumengan, jagoran da ya gano shi. A 2008 aka sanar da wani sabon wadan dokin teku, wanda bai kai santimita 2 ba, aka kira shi pontohi, saboda wani jagoran ɗan Indunusiya, Hence Pontoh. Muddin ana karanta littattafan kimiyyar halittu, za a ci gaba da ambaton sunayen mutanen nan biyu. Da me suka samu? Da haƙuri da lura.

Abin bai tsaya ga suna ba, akwai abinci a ciki. Wani mai bincike, Maarten De Brauwer, da abokan aikinsa sun ƙiyasta a 2017 cewa irin wannan nutso na neman ƙananan halittu a kan yashi yana jawo masu nutso fiye da 100,000 a shekara zuwa Indunusiya da Filifin, yana samar da fiye da dala miliyan 150, kuma mutane sama da 2,000 ne ke cin abinci kai tsaye daga gare shi. Ku duba wannan lissafi. Kifi-kwaɗo ba ya shiga tukunya, in masunci ya kama shi jefarwa zai yi. Amma yana raye a kan yashinsa, baƙi suna zuwa kallonsa yau da gobe, sai ya biya kuɗin makarantar yaro, ya sayi shinkafar gida, ya sa mai a jirgi.

Sai dai taskar nan tana cikin haɗari, kuma ta fuskoki uku. Ta farko daga masoyanta ne. Mai ɗaukar hoto yana son dabba ta juyo, ta hau wuri mai kyau, sai a sa sanda a tunkuɗa ta, ko a tono ta daga raminta. Binciken da De Brauwer ya sake yi ya nuna cewa taɓa dabbobin da juya su ya fi walƙiyar kyamara takura musu nesa ba kusa ba. Jagora kuma yana tsaka mai wuya, domin baƙon da ya ji daɗi shi ke ba da tukuici. A nan nauyin yana kan baƙo. Wanda ya ƙetare teku don ganin halitta, ya kamata ya iya riƙe hannunsa. Ido ya isa.

Ta biyu ita ce shara. Gaskiya ne a Lembe za ka ga oktofus cikin kwalba, ka ga ɗan kifi ya yi gida a gwangwani, har wasu na cewa ai sharar ma amfani take yi. Wannan magana ba ta karɓuwa. Dabbar da ta fake a kwalba, rashin abin da ya fi ne ya kai ta. Leda tana rufe ƙasa, tana naɗe murjani, tana farfashewa ta shiga cikin kifi. A watan Nuwamban 2018 aka tsinci gawar wani ƙaton kifin whale a gaɓar Wakatobi, kudu maso gabashin Sulawesi, aka sami kusan kilo 6 na robobi a cikinsa, ciki har da kofunan roba 115.

Ta uku ita ce ta fi ɓoyuwa, wato raini. Idan hukumomi za su keɓe wani yanki na teku don kariya, hankali ya fi karkata ga inda murjani ya yi kyau, inda hoto zai burge. Filin yashi da laka kuwa ana ganinsa kamar kango, wurin da za a yashe don faɗaɗa tashar jirage, ko a ja taru a kai, ko a juye datti. Abin da ba a san yana nan ba, ba a kuka idan ya tafi. Nau'o'i nawa ne aka sa wa suna a cikin shekaru 30 da suka wuce kawai, daga wannan yashin da aka raina? To nawa ne kuma za su iya shuɗewa tun kafin wani ya gan su?

Kada mu ce abin ya yi mana nisa. A 2017 wani bincike da aka yi a Jamus ya lissafa koguna 10 da aka ƙiyasta sun fi kowanne kwasar robobi zuwa teku. Takwas suna Asiya, biyu suna Afirka: Nilu da Neja, wato Kwara tamu. Ledar ruwan da aka sha aka jefa a kwata, damina na zuwa za ta bi rafi, rafi ya miƙa ta ga kogi, kogi ya kai ta teku. Tsakanin hannunmu da gidan waɗannan halittu akwai hanya, ko da ba mu taɓa ganin teku ba.

Jama'a masu sauraro, ni abin da na ɗauka daga Lembe shi ne halin jagoran nan. Ya sauka inda kowa ke ganin babu komai, bai yi gaggawa ba, bai raina ba, ya zuba ido har wurin ya buɗe masa sirrinsa. Muna da irinsa a cikinmu: tsohon masuncin da ya san kowane kifi da watan da yake ƙwai, makiyayin da ya san kowace ciyawa da sunanta, tsohuwar da ta san ganyen da ke fitowa a bakin fadama bayan ruwan farko. Iliminsu na tafiya da su kabari idan ba a tambaya ba, wuraren da suka sani kuma ana cike su da shara ana gini a kai. Mu tambaye su tun suna raye. Mu kai yaranmu bakin tafki, mu ce su durƙusa su duba, su faɗa mana abin da suka gani. Yaron da ya taɓa tsugunawa ya kalli abin da ke motsi a cikin ruwa, da wuya ya girma ya juye bola a cikinsa.

 Allah Ya ba mu idon lura da ikon riƙon amanar abin da Ya halitta.